Yayye Uku na Aro

Gara in faɗa tun da wuri, ni ma da hannuna a cikin wannan ɓarna. Saboda haka abin da zan faɗa a kan Kawu Mai Kujeru ba gulma ba ce, shaida ce ta wanda aka kama su tare.

Kawu ƙanin Umma ne, matar da nake haya a ɗakin gaban gidanta. Sana'arsa ba da hayar kujerun roba da rumfa ga masu taro. Shekara tara da suka wuce jami'ar garinmu ta yi bikin yaye ɗalibai, kujerunta suka kasa, aka aiko aka ɗauki nasa. Yini biyu ya yi yana shiga yana fita ta babbar ƙofa, mai gadi yana ɗaga masa hannu. Tun daga ranar bai sake cewa jami'a ba, sai dai "wajenmu". In ka ce masa kanka na ciwo, zai ce a wajensu akwai farfesan kai, bari ya yi masa magana.

'Ya'yan Umma biyu ne. Babban, wanda duk layinmu ke kira Yaya har da waɗanda suka girme shi, mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki. Yana ajin ƙarshe a sakandare mahaifinsu ya rasu, ya ajiye littafi ya ɗauki akwatin kayan aiki, bai sake taka makaranta ba sai in zai kai ƙanwarsa. Mutum ne da za ka yini a shagonsa ka ji kalma goma daga bakinsa, bakwai a ciki "miƙo min" ne. Ƙanwar ita ce Auta. A shagon ta tashi, tana riƙe masa mita tana karanta masa lamba, har ta kai in an kawo firji takan faɗi ciwonsa kafin a kwance bayansa. Burinta ɗaya ne, ta karanta injiniyan lantarki. Gurbi sittin ne a sashen, masu nema sun haura dubu, makinta kuma kaɗan ya ɗara inda aka yanke bara. Kowa a gidan yana cikin zullumi, ko da yake ba mai faɗa.

Takardar tantancewa shafi huɗu ce. Auta ta cika ta a kan teburin ɗinkin Umma, ta sa hannu a ƙasa. A shafin ƙarshe akwai wani ɗan akwati mai layi uku: in kana da wa ko ya da ya yi karatu a wannan jami'a, rubuta sunansa da shekarar da ya gama da lambarsa ta ɗalibi. Ta bar shi fanko tunda ba ta da shi. Ana nan sai ga Kawu ya zo gaisuwa. Ya ɗauki takardar ba a ba shi ba, ya riƙe ta nesa da fuska, ya daɗe yana girgiza kai kamar likitan da ya ga hoton ƙirji mara kyau.

Ya ce sauran shafukan duk ado ne. A wajensu in takardu sun zo, shafin ƙarshe ake buɗewa. Mai suna a akwati a ajiye shi dama, mara suna a jefa a kwando. Auta ta tambaye shi wa ya gaya masa haka. Ya ce ba a gaya wa mutum abin da ya gani da idonsa.

"A yini biyun, Kawu?"

"Wani ya yi shekara huɗu a can bai ga abin da na gani ba." Ni ya kalla da ya faɗi haka, domin ni ne na yi shekara huɗun, na fito ina koyar da 'yan aji biyar.

Daga nan ya ce shi zai kai takardar da hannunsa, ba ruwansa da bin layi. Ranar Yaya na da aiki a wani otal, Umma kuma ɗinki ya taru mata. Aka ba shi.

Ni ya fara samu, ina gyaran littattafan yara da jan biro. Ya ce in ba shi lambata ta ɗalibi, shaida ce kawai cewa na san yarinyar. Na san ba haka ba ne, domin na ga akwatin da idona. Amma na ce a raina layi ɗaya ne, wa zai duba, in kuma ya taimaki yarinyar fa? Na rubuta masa a bayan wata takardar jarrabawa. Daga wajena ya wuce kemis ɗin bakin titi. Mai kemis ya ba da tasa lambar ne don Kawu ya tashi daga gaban kanta, domin ya tare wa masu sayen magani hanya kusan rabin awa.

Da mutum ne mai tsoron Allah da ya tsaya a nan. Amma Kawu ya ce mutane su bar maka layi uku ka cika biyu, ai raini ne. Ya kwana biyu yana bincike a unguwa, bai samu wani da ya yi jami'ar ba sai Dakta, tsohon likitan dabbobi da ya yi ritaya, kansa fari fat, kunnensa na hagu ya daɗe da barin aiki. Dakta ya ɗauka rajistar tsofaffin ɗalibai ake yi, har ya yi godiya da aka tuna da shi. Kawu ya jera mu ukun a akwatin. Da ya ga sunayen ubanninmu ba su zo ɗaya ba, sai ya rubuta a gefe da kyakkyawan rubutu: uwa ɗaya, uba kowa da nasa. Ya soke lambar wayar Umma ya sa tasa, ya kai takarda.

Bayan mako shida wasiƙu biyu suka iso rana ɗaya. Ta farko ta ce an ba Auta gurbi. Umma ta yi ta kuka tana dariya. Yaya ya karanta sau uku a tsaye, ya fita, ya dawo da wani ƙaton akwatin tafiya a kafaɗa. Kawu kuwa ya bi layin tun daga shagon aski har bakin titi yana karɓar barka, yana cewa ƙaramin aiki ne, waya ɗaya ya buga.

Ta biyun sunan Umma ke kanta, daga ofishin tsofaffin ɗalibai. Ni aka ba in karanta. Suna taya ta murna, uwar da ta haifi 'ya'ya huɗu, uku suka fito daga jami'ar, ta huɗu za ta shiga, ba ko ɗaya da ya kauce. Suna gayyatarta babban taronsu na shekara, Asabar ta uku mai zuwa, ita da 'ya'yanta duka, a karrama ta a gaban jama'a. Sun ce sun riga sun yi waya da dattijon gidan, ya tabbatar musu da komai.

Muryata ta yi ta raguwa har na kai ƙarshe. Kawu bai ko sunkuyar da kai ba. Ya ce ƙwarai an kira shi, wata mata mai ladabi ta tambaye shi ko 'ya'yan ke nan duka, ya ce mata kaf, a zuriyarsu ba a haihuwar wanda ba ya zuwa jami'a. Yaya na tsaye a bakin ƙofa lokacin da ya faɗi haka. Sannan ya yi bayanin akwatin, da mu ukun, da rubutun gefe, yana jiran a yaba.

Umma ta cire tabarau ta ajiye a kan keken ɗinki.

"Aure huɗu ka yi min?"

"A takarda ne kawai, Umman Auta. Kuma duk mutanen kirki ne."

Auta ta ce gobe da safe za ta je ta faɗi gaskiya. Kawu ya zaro kwafin takardar daga aljihu, ya nuna mata ƙaramin rubutun da ke saman sa hannunta: duk wanda aka samu da bayanin ƙarya, gurbinsa ya tashi. Ya tambaye ta sa hannun wane ne wannan. Ya ce hanya ɗaya ce, a je taron, a karɓi kyauta, a yi murmushi, a dawo. Awa biyu ne, shi kuma ya san wajen kamar tafin hannunsa. Umma ta kalli ɗanta. Yaya ya daɗe yana kallon akwatin tafiyar da ya sayo.

"In dai za ta shiga, a yi," ya ce.

Haka aka fara atisaye kullum da yamma a falon Umma. Matsala ta farko Dakta ne, domin da aka yi lissafi sai aka ga ya girmi Umma, mahaifiyarsa ta takarda, da shekara shida. Kawu ya ce wannan ba komai ba ne, a rage wa Dakta goma sha biyar a ƙara wa Umma goma sha biyar, sai lissafi ya daidaita. Ya sayo baƙin rini na gashi, da wata riga mai gajeren hannu, da takalmin gudu irin na samari. Umma kuma ya kawo mata sanda, ya ce ta riƙa tari tana mantuwa. Ta ce za ta riƙe sandar, amma ba don dogarawa ba. Ya janye maganar sanda.

Sai da muka yi wa Dakta bayani sau uku ta kunnen dama kafin ya gane an yi masa uwa. Bai yi fushi ba. Ya ce tun da ya yi ritaya ba wanda ya neme shi da wani aiki. Ya ɗauki abin da gaske fiye da kowa. Ranar farko ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Umma, gwiwa ta ƙi tashi, sai da ni da mai kemis muka ɗaga shi kamar buhu. Mai kemis, wanda mutum ne mai son tsari, ya nemi a gaya masa wane uba ne ya fara zuwa, kuma me ya raba. Kawu ya raba mana nan take: uban Dakta ya rasu, na mai kemis ya yi tafiya bai dawo ba, nawa ya gudu. Na ce mahaifina yana nan da ransa, kullum yana shagonsa. Ya ce to kada ya zo taron.

Magana ba ta kwana biyu ba ta fita, domin Kawu ya rantsar da mai aski a kan kada ya gaya wa kowa. Washegari mai askin ya gaishe da Umma ya tambaye ta ina su maigidan. Matar da ke sayar da katin waya ta tare ta a hanya, ta ce don Allah ta gaya mata sirrin, ita ɗaya ma ya gagare ta. Wasu suka fara kirana ɗan Umma na uku. Matar mai kemis ta aiko a tambaya ko yanzu surukai biyu gare ta, domin ta san yadda za ta raba gaisuwa. Umma ta daina fita ta ƙofar gaba.

Ofishin ya nemi hoton iyali don littafin taro. Aka kira mai hoto, aka jera mu, Umma a tsakiya, Dakta da sabon baƙin kansa yana ƙyalli a dama. Ana cikin haka Yaya ya shigo daga aiki, ya wanke hannu, ya zo ya tsaya a gefen ƙanwarsa kamar yadda ya saba a kowane hoto na gidan.

"Kai, ɗan matsa," in ji Kawu. "Kana shiga hoto."

Ya matsa. Mai hoto ya miƙa masa fitila ya riƙe mana. A hoton kowa zai ga Auta ba kyamara take kallo ba. Ni kuwa na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ina tsaye a gurbin mutum a cikin gidan ubansa, na kuma ci gaba da tsayuwa.

Don a ƙara sanin ko su wane ne mu, Kawu ya buga wa ofishin waya ya ce shi zai ba da kujerun taron kyauta. Ya ce Yaya ya tuƙo motar ya jera su, in wani ya tambaya ya ce ma'aikacinsa ne.

Ranar Asabar ƙarfe goma sha ɗaya zauren ya cika, mutum kusan ɗari huɗu, yawancinsu cikin manyan kaya. Na'urar sanyaya zauren ta mutu tun safe, tagogin kuma irin waɗanda ba a buɗewa ne. Yaya ya gama jera kujeru, ya tsaya yana kallon na'urar a can saman bango, irin kallon da yake yi wa duk abin da ya lalace. Can na hango shi yana magana da mai kula da zauren, aka kawo masa tsani.

Kafin a gama jawabi na biyu kan Dakta ya fara zuba. Wani baƙin layi ya gangaro ta bayan kunnensa ya shiga wuyan riga, wani ya biyo ta goshi. Mai kemis ya miƙa masa hankici. Dakta ya goge da kyau, daga wannan kunne zuwa wancan. Kawu, da ke zaune a bayanmu, ya leƙo ya duba, ya ce a hakan ma ya fi yarinta.

Matar ofishin, mai fara'a da sauri, ta kira mu. Umma ta riga 'ya'yanta duka hawa dandamali, Dakta ya zo na ƙarshe yana dafa bango. Matar ta fara karanto mu. Ni na gama shekara shida da suka wuce, aka tafa. Mai kemis shekara goma sha uku, aka tafa. Ɗan fari, shekara talatin da huɗu. Tafin ya fara da ƙarfi, sai ya yi ta sirancewa, domin zauren cike yake da mutanen da suka iya lissafi. Matar ta kalli Umma, ta kalli takardarta, ta ce lalle Allah ya ba Umma jiki mai kyau.

Sai wani dattijo ya miƙe daga layin gaba, wani farfesa da ya yi ritaya. Ya ƙura wa Dakta ido, ya kira shi da sunan da suke kiransa a aji, Allura. Ya hau dandamali suka rungume juna, farar rigar farfesa ta samu rabonta na rini. Da suka saki juna, farfesa ya juya ya dubi Umma, ya ce shi fa abin ya ɗaure masa kai, domin da shi aka yi jana'izar mahaifiyar Allura. A ɓangaren dama ya tsaya, saboda haka Dakta ya ji sarai, lasifika kuma tana daidai bakinsa.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Bana shekara ashirin da biyu."

Kawu bai jira an kira shi ba. Ya hau, ya karɓe lasifikar daga hannun matar, ya gabatar da kansa a matsayin tsohon abokin wannan gida, wanda da yawa a nan sun zauna a kan kujerunsa ranar da suka fi kowace rana farin ciki. Ya ce wadda ta rasu ita ce ta rene shi, wannan ita ce ta haife shi. Farfesa ya ce shekarun baiwar Allahn nawa. Kawu ya ce a zuriyarsu ana aure da wuri. Wani daga baya ya ce da wuri kamar yaya. Kawu ya ce ba a tambayar shekarun mace, amma tunda an matsa, saba'in da bakwai. Ko a atisaye a sittin da bakwai muka tsaya.

Umma ta haƙura da miji huɗu. Ta haƙura da mai aski. Wannan ne ba ta iya haɗiyewa ba.

"Hamsin da biyu," ta ce, ba ta ko nemi lasifika ba.

Kawu ya ce jama'a sun gani da idonsu, mantuwa ce ta tsufa, jiya ma ta kira shi da sunan mijinta na biyu. Dariya ta fara daga baya tana tahowa gaba. Ya ga na baya ba sa ganinsa, ya jawo ɗaya daga cikin kujerunsa ya hau. Ya ce shi mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma duk abin da ya kawo wajen nan mai inganci ne. Ƙafafun kujerar na baya suka fara buɗewa a hankali. Bai daina magana ba. Yana sauka yana bayani, har ya kai ƙasa a zaune, lasifika na hannunsa, yana cewa zai ɗora daga inda ya tsaya.

Matar ofishin ta ƙwace abarta. Mace ce da ba ta so taronta ya watse, sai ta juya wajen wadda take ganin ba za ta ba ta kunya ba. Ta ce bari a ji daga bakin sabuwar ɗalibarmu: ga malami, ga mai magani, ga likitan dabbobi, to wanne daga cikin yayyenta ya ja ra'ayinta zuwa lantarki?

Kawu ya riga ya koya mata amsar irin wannan tambaya: duka ukun, kowa da irin gudummawarsa. Kalma biyar ce ko shida, a tafa, a ba Umma allon yabo, mu sauka. Ko bayan duk abin da ya faru, ina ganin da ta faɗa da an bar maganar a matsayin rikicin tsofaffi. Auta ta riƙe lasifikar da hannu biyu. Daidai lokacin na'urar saman bango ta yi tari, ta kama, iska mai sanyi ta fara saukowa a kan mutane.

"Yayana ɗaya ne," ta ce. "Ga shi can a kan tsani. Bai yi jami'a ba, ya bar makaranta ne don in yi. Shi ya koya min. Waɗannan maƙwabtanmu ne."

Kawuna ɗari huɗu suka juya. Yaya na can sama da sukudireba a baki. Ya cire ta, ya sa a aljihu, ya sauko a hankali, ya naɗe tsanin ya mayar wa mai shi. Ba a tafa ba, ba a kuma yi dariya ba. Dakta ne kawai ya tambaye ni ko an gama, ko zai sake durƙusawa.

Ranar Litinin aka kira mu ofishin magatakarda, wata mata mai sanyin murya da ba ta gaggawa. Ta ɗauko wata sabuwar takardar tantancewa, ta buɗe shafin ƙarshe, ta nuna mana layin ƙananan huda da ke gefensa, ta yage shi a gabanmu. Ta ce haka ake yi wa kowace takarda ranar da ta iso. Shafin nan ofishin tsofaffin ɗalibai yake tafiya, don su san inda za su aika gayyata da kalanda. Masu zaɓen ɗalibai ba su taɓa ganinsa ba.

"Ko 'yan uwanki ɗari ne suka yi karatu a nan, ba ya ƙara miki rabin maki," ta ce wa Auta. "Ke ce ta arba'in da ɗaya a cikin sittin. Da makinki kika shiga."

Kawu ya ce ai ya sani, tsarin ne aka canza bayan zamaninsu. Ta tambaye shi wace shekara ya gama. Ya ce ba a ɓangaren karatu yake ba. Amma in ba shi haƙƙinsa, da aka zo kan wanda ya cika akwatin bai noƙe ba. Ya ce shi ne, da hannunsa, dabararsa ce tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya taya shi, har ya nemi biro ya nuna mata rubutunsa. Magatakarda ta ce ta yarda, kuma za ta rubuta cewa yarinyar ce ta tona da bakinta. Sai dai sa hannun da ke ƙarƙashin rantsuwar nata ne, ta kuma san abin da ke ciki mako uku kafin ta yi magana. Kwamiti ne zai yanke.

Bayan kwana goma wasiƙa ta zo. An janye gurbin na bana. Saboda ta faɗi gaskiya da kanta, ba a sa mata tabo a fayil ba, tana iya sake zana jarrabawa baɗi kamar kowa. Mu ukun kowa ya samu takardar gargaɗi. Na karanta tawa sau ɗaya na ajiye; ta Auta ce ta hana ni cin abinci, domin layin farko na akwatin nan ni na cika shi.

Da yammacin ranar na je shagon Yaya in ba da haƙuri. Na tarar da su biyun a bakin aiki, ya kwance bayan wani firji, tana riƙe da mita, idanunta sun kumbura. Ban kai ga buɗe baki ba sai ga Kawu. Ya jawo kujera ya zauna a tsakiyar shagon, ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ya gano inda aka yi kuskure. Ashe ba 'yan uwa ake dubawa ba, 'ya'yan ma'aikata ne. To akwai wani mai gadi a wajensu, mutumin kirki, matarsa ta rasu bara, ya riga ya ɗan taɓa masa maganar Umma, kuma wannan karon ba sai an yi ƙarya ba.

Yaya ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya goge tafinsa da tsumma. Ya zagaya bayan Kawu, ya kama kujerar ta gefe biyu, ya ɗaga ta da mutumin a kai kamar yadda yake ɗaukar ƙaramin firji, ya fita da shi ya ajiye a bakin titi yana fuskantar motoci. Ya dawo ya jawo ƙofar ƙarfe har rabi. Muna jiyo Kawu yana gaya wa mai aski cewa shi ya ce a fito da shi ya sha iska.

Auta ta ajiye mitar. Ta ce da ta yi shiru na minti ɗaya da yanzu tana haɗa kaya. Ta ce ta jawo masa wata shekarar ta hawa tsani, ya yafe mata.

Yaya ya durƙusa a bayan firjin ya ci gaba da kwance waya. Na ɗauka ba zai amsa ba.

"Shekara goma sha biyu ina shiga gidajen mutane ta ƙofar baya," ya ce, bai ɗago ba. "Ba wanda ya taɓa nuna ni a gaban jama'a ya ce nasa ne. Shekara ɗaya ba za ta kashe ni ba."

Ta zauna a kan akwatin kayan aikinsa ta yi kukanta, shi kuma ya bar ta har ta gama.